Shin Hukumar Koke-koke tana da hurumi a kan kulob mai zaman kansa?

Maman Hanifa: Salamu alaikum. Ranar Asabar muka yi dinar 'yar yayata a zauren wani kulob. Baffanmu yana kan keken guragu, ƙofar kuwa matakala ce zalla. Sai da samari suka ɗaga shi cak da kekensa, jama'a na kallo, har hularsa ta faɗi. Na ce zan kai kuka Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a, aka ce mini ba huruminta ba ne, wai kulob na mambobinsa ne. Haka ne?

Baban Sadik: Hajiya, akwai ƙamshin gaskiya. Dokar da ta kafa hukumar a 1975 ta ba ta ikon bincikar ma'aikatun gwamnati da kamfanoni masu rajista, ko da na 'yan kasuwa ne. To kulob da yawa kwamitin amintattu ne ke riƙe da su, ba kamfani ba ne, kuma nan za su fake. Sannan hukumar ba ta duba koken da ya haura wata 12, ko wanda mai shi bai fara bin sauran hanyoyi ba, ko na wanda abin bai shafe shi ba. Ke nan Baffa ne zai sa hannu.

Malam Auwalu: Ranka ya daɗe, ban gamsu ba. Rajistar amintattun ma ai a ƙarƙashin dokar kamfanonin ake yin ta. Kuma tunda suka karɓi kuɗin hayar zaure suka buɗe wa ɗaruruwan baƙi ƙofa, ina sauran maganar mambobi? Ni ma da sanda nake tafiya. Gayyata nawa na ƙi amsawa saboda matakala, Allah kaɗai ya sani.

Baban Sadik: Hujjar hayar tana da ƙarfi, Malam, amma a wata doka daban: ta hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Wa'adin shekara 5 na gyara gine-ginen da jama'a ke shiga ya cika a 2024. Ita Hukumar Koke-koke shawara take bayarwa, ba ta yanke hukunci.

Malam Auwalu: Shawarar ma a rubuce muke son ta. In sun ce ba huruminsu ba ne, su faɗa a takarda mu san inda giɓin yake.

Maman Hanifa: To daga ina zan fara?

Baban Sadik: Baffa ya rubuta wa shugabannin kulob ɗin, ku adana kwafi da rasitin haya. In suka yi shiru, sai Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa.

Malam Auwalu: Ku aika wa Hukumar Koke-koken ita ma, Hajiya, kafin wata 12 ɗin ya cika.