Ruwan zafi ko na sanyi: abin da mata suka ce kan wanki

A wajen wani suna gardama ta kaure tsakanin mata kan ruwan da ya dace da wanki. Ga abin da na tsinta.

Atamfa, shadda da kayan rini ruwan sanyi suke so, zafi yana sa su zuba. Jini ma haka, da ya ji ruwan zafi tabon ya zauna ke nan. Maiƙon manja kuwa sai ruwan ɗumi da sabulu.

An fi daɗewa kan kayan mara lafiya. Wata ma'aikaciyar jinya ta nace a ware zanen gado, tawul da kamfai na mai gudawa ko ƙazuwa, a jiƙa su a ruwa mai zafin digiri 60, wanda hannu ba ya jurewa, a juya da sanda. Zafin nan yana kashe kwarkwata da kuɗin cizo har ƙwansu. Ni dai ina bayanta, ko da gawayi ya yi tsada.

Sannan a shanya a rana su bushe ƙarau, a goge. Kayan da aka ninke da danshi ne ke wari da fumfuna.