Wane littafi ne zai warware min matsalar gerund kafin JAMB?

Zainab: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah ina neman shawara. Ina bitar tsofaffin tambayoyin JAMB sai na ci karo da wannan: "I look forward to ___ you." Amsar da ke bayan littafin wai "seeing". To mu dai tun firamare an ce mana aikatau tsurarsa yake zuwa bayan "to", kamar to go, to eat. Yayata ta ce gerund ne, da na ce ta yi min bayani sai ta ce ita ma haddacewa ta yi. Wane littafi ko tasha zan bi?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Kafin maganar littafi, Zainab, ki sani "to" iri biyu ce. Akwai wadda take jan aikatau, akwai kuma wadda take sahun in, on, at, for, masu jan suna. Yadda za ki bambance su: gwada ajiye suna a bayanta. "I look forward to Friday" ya zauna daram, ke nan suna take nema, sai ki ba ta seeing. Amma "I want to Friday" shirme ne, don haka want to see. Gerund aikatau ne da aka liƙa wa -ing yana aikin suna, shi ke nan. Mu ma muna da irinsa. In kin ce "karatu ya fi min barci", karatu da barci daga aiki suka fito, amma a gurbin suna suke zaune.

Zainab: Ikon Allah! Malam, ashe object to ma haka ne?

Malam Habu: Haka ne. Da object to, da be used to, da confess to. Ki dai kula da used to ɗin nan, tarko ce. "I used to walk" yana nufin a da ina tafiya a ƙasa, yanzu na daina. "I am used to walking" yana nufin na saba.

Baban Ikram: Ni dai ban ga abin wahala ba. Ki nemi Brighter Grammar, da shi muka tashi, kuma ba mu ji kunya ba.

Anti Balaraba: Baban Ikram, Brighter Grammar na kafa tubali ne, yarinyar nan kuwa jarrabawa ce a gabanta. Zainab, ki nemi English Grammar in Use na Raymond Murphy, mai shuɗin bango, ba jan ba, jan na 'yan koyo ne. Tsarinsa shi ne daɗinsa: bayani a shafin hagu, aiki a shafin dama, ki sayi wanda yake da amsoshi a baya. Kada ki ɓata lokaci kina neman kalmar gerund a kan darussan, shi "-ing" kawai yake kiransa. Ki buɗe darasi na 53 ki yi ta bi har ki ƙare sashen. Kuma da fensir za ki yi aikin, bayan sati ki goge ki sake. In a kasuwa za ki saya ki duba cikinsa sosai, akwai bugun jabu da rubutunsa ya dusashe, wani ma shafuka sun yi tsalle.

Sagir: Anti, littafin nan fa yanzu kuɗinsa ba na ɗalibi ba ne. Ni BBC Learning English nake bi, akwai shirinsu 6 Minute Grammar, minti shida ne kacal, ba ya cin data sosai in sauti kaɗai ka sauke. Shafin LearnEnglish na British Council ma akwai darasi da gwaji kyauta. Sannan ki haddace wannan jerin, duk -ing suke ɗauka: enjoy, avoid, finish, mind, suggest, deny, keep, consider, risk, give up.

Anti Balaraba: Haddar jeri nan ne ban yarda ba. Yaro zai rera maka shi kamar karatun allo, ya juya ya rubuta "I enjoy to read". Kowace kalma ki riƙe ta da jimlarta: avoid eating late, finish washing the plates. Kunne ne zai saba, ranar jarrabawa shi zai gaya miki wannan bai zauna ba.

Sagir: Ai sai an san su sannan a saka su a jimla, Anti.

Malam Habu: Duk ku biyun kuna da gaskiya. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su riƙa duba ƙamus na Oxford Advanced Learner's. Ba ma'ana kaɗai yake bayarwa ba, ƙarƙashin enjoy za ki ga an rubuta enjoy doing something, ƙarƙashin decide kuma decide to do something. Yawancin yara ma'anar suke karantawa su rufe, alhali amsar tana nan a layi na biyu. Inda aka fi kayar da mutane shi ne kalmomin da suke karɓar duka biyun amma ma'ana ta sauya. "He stopped drinking tea", ya daina shan shayi. "He stopped to drink tea", ya tsaya a hanya don ya sha. "Remember to lock the door" tunatarwa ce, ba a kulle ba tukuna. "I remember locking the door", an riga an kulle, tunawa nake yi.

Mahamadu: Gaisuwa daga Maradi. Gargaɗi ga 'yan uwa da suka yi lakwal da Faransanci: gérondif namu, irin en mangeant, ba shi ne gerund na Ingilishi ba. Namu yana nuna abu biyu na faruwa lokaci guda ko yadda aka yi abu, ba ya zama suna. Inda Ingilishi zai ce "Smoking is forbidden", Faransanci aikatau tsurarsa zai sa, wato fumer. Kamannin sunan ne yake ruɗar mutane.

Baban Ikram: Allah ya kyauta, Turanci ɗaya ma ya ishe mu.

Anti Balaraba: Zainab, ki kula da rubutun ma, WAEC da NECO suna cire maki a insha'i. Writing t ɗaya ce, sitting da beginning kuma ana ninka harafin. Lie ya koma lying, die ya koma dying, amma rini, wato dye, dyeing ne da e ɗinsa. Travelling da l biyu rubutun Ingila ne, na Amurka ɗaya, ki tsaya kan na Ingila.

Zainab: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Ga wata: "I don't like ___ coming late." His ne ko him?

Sagir: Him mana, haka Turawa suke faɗa a fim.

Malam Habu: A baki suna faɗa, ba musu. Amma a takardar jarrabawa his za ki zaɓa, domin zuwan nasa a makare ne ba kya so, ba shi mutumin ba. Ki yi guda goma daga cikin tsofaffin tambayoyin nan yau da dare, ki turo amsoshinki nan ba tare da kin leƙa baya ba. Sagir, har da kai.