350Z ɗina da aka cire wa indomi, yaya zan yi ta ci gwajin hayaƙi?

Ɗan Tarauni:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san inji, domin abin nan ya tsaya min a rai.

Ina da Nissan 350Z ƙirar 2006, mai giyar hannu, 'yar Amurka ce da ta shigo ta Kwatano. Shekara uku ke nan tana hannuna. Farkon sayenta duk abin da abokai suka ce a yi mata sai da na yi. Muka cire indomi guda biyun, wato tukwanen da ke tace hayaƙi a layin salansa, mai walda ya sa miƙaƙƙen bututu a gurbinsu, aka ɗaura salansa mai faɗin baki, aka canza matatar iska zuwa buɗaɗɗiyar nan da ake shafa wa mai. Daga baya wani yaro ya zo da laftof ya taɓa ƙwaƙwalwar motar, don ta riƙa harbi kamar bindiga in na ɗaga ƙafa daga totur. Indomin kuwa a ranar na sayar da su.

Yanzu wurin aiki sun mayar da ni Legas, wata mai zuwa zan tafi, ga takardun motar suna dab da ƙarewa. A can tun Janairun 2022 ba a ba da takardar lafiyar mota sai an kai ta cibiyar gwaji, kuma har hayaƙi ake aunawa. Na ce bari in san matsayina tun daga gida, na kai ta wani gareji da ke da na'urar awo. Suka zura tsinken a salansa mota na tsaye tana aiki, CO, wato iskar gubar da ke cikin hayaƙi, ya nuna kashi 4 da ɗoriya, HC, wato ɗanyen fetur da bai ƙone ba, ya haura 600. Mai na'urar ya zaro tsinken, bakinsa ya yi baƙi ƙirin, ya goge da tsumma ya miƙo min tsumman in gani. Fitilar inji ma a kunne take, da aka sa kwamfuta ta kawo P0420 da P0430.

Kuma ba takardar kaɗai ke damuna ba. Inda nake ajiye motar jikin ɗakin Hajiyarmu ne. Bangon ya yi tabo biyu baƙaƙe daidai saitin salansa. In na tayar da ita da asuba, musamman yanzu da hunturu, idona yaji yake yi, 'yata mai shekara huɗu ta kama tari. Rannan Hajiya ta ce min warin motar har cikin kayan sawarta yake shiga.

Wasu sun ce in sa ɗan ƙarfen nan da ake ɗaura wa sensa, wasu sun ce in zuba maganin gwangwani a tanki, wani ya ce in cire kan batir da safen ranar gwaji. Wanne ne na gaskiya? Ina son motar nan, ba na so in rabu da ita.

Baba Makanike:

Wa alaikumus salam ɗana. Na fi shekara talatin ina kwanciya a ƙarƙashin mota, don haka zan faɗa maka ko da ba za ta yi daɗi ba: babu gwangwanin da zai yi maka aikin indomi. Abin da ke cikinsa kamar saƙar zuma ne mai ƙananan ramuka, an shafe shi da ƙarafa masu tsada, filatinam da faladiyam da rodiyam. Su masu saye ke bi, su ne kuma ke sa ɓarayi yanke shi a motar da ta kwana a waje. In ya ɗauki zafi, shi ke ƙarasa ƙone abin da inji ya bari kafin ya fito waje.

Amma ka lura da wannan. Injin da ke da lafiya, ko babu indomi, CO ɗinsa a tsaye bai cika wuce kashi 1 ba. Naka 4. Ke nan motarka mai take sha fiye da ƙima, ba rashin indomi ne kaɗai ciwonta ba. Harbin nan da aka sa mata, fetur ne ke ƙonewa a cikin salansa maimakon cikin inji. In ka ɗaura indomi a haka ka yi asarar kuɗinka, ɗanyen mai zai dafa shi. Na sha sauke wanda ya narke ya dunƙule kamar ƙanzon tukunya, in ka girgiza shi kana jin ɓarɓashi na ƙara a ciki. A fara mayar da ƙwaƙwalwa yadda kamfani ya yi ta, sannan a yi maganar saye.

Sai kuma gida. Warin da Hajiya take ji na ɗanyen fetur ne, shi CO ba shi da wari ba shi da launi. Shi ne dai wanda ke kashe mutane in an kwana da janareta a cikin gida. Daga gobe kada ka ƙara barin ta tana ɗumi a jikin ɗakin nan, kana tayarwa ka fita da ita bakin titi. Allah ya ba yarinya lafiya.

Mai Jar Mota:

Baba a yi min afuwa, amma ni ina ganin wannan kashe kuɗi ne ya yi yawa a kan gwajin minti biyar. Ɗan'uwa, ka sa ɗan ƙarfen a sensa, fitila za ta mutu, ni ma haka na yi wa tawa. In ka mayar da indomi ƙarar da ta sa kake son motar ta tafi, ƙarfinta ma zai ragu.

Rewaya Ƙofar Ruwa:

Mai Jar Mota, fitila za ta iya mutuwa, wannan gaskiya ne, amma tsinken da ake zurawa a salansa ba ƙwaƙwalwar mota yake tambaya ba, hayaƙin yake shaƙa da kansa.

Yallaɓai, motarka sensa huɗu gare ta a layin salansa, biyu kafin indomi, biyu bayansa. Na gaba su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ta ƙara mai ko ta rage, don ta riƙe awon da fetur ya fi ƙonewa tas, wato nauyin iska 14.7 a kan fetur 1. Na baya 'yan sa ido ne, aikinsu su ga ko indomi yana aiki. P0420 ƙarar ɓangare ɗaya ce, P0430 ta ɗayan. Ɗan ƙarfen nan janye na baya yake yi daga hayaƙi don kada su kai ƙara, CO ɗinka kuwa yana nan a 4 ɗinsa. Cire kan batir shi ma goge lambobin kawai yake yi, ƙwaƙwalwa ta koma sabon lissafi. Duk wanda ya sa kwamfuta zai ga ba ta gama gwada kanta ba, bayan 'yan tafiye-tafiye kuma fitila ta dawo.

Da a hannuna take, bayan an gyara ƙwaƙwalwa matatar nan zan fara cirewa. Akwai siririyar waya a bututun iska da ke auna iskar da ke shiga. Man da ake shafa wa matatar yana sauka a kanta, ƙurar hunturu ta zo ta manne, sai ta riƙa ba da awon ƙarya. A wanke ta da feshinta na musamman, kada a taɓa ta da hannu, kada a sa mata fetur, a mayar da akwatin matata na asali. Sai fulogi guda shida, ka ciro ka gani da idonka, na tabbata baƙaƙe ne. Daga nan a bi haɗin salansa na sama da sensar gaba. In yana yoyo iska na shiga, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta yi ta ƙarawa.

Wajen sayen indomi ka tafi da tocila. Ka haska ta baki ɗaya ka leƙa ta ɗayan, ramukan su fito reras babu toshewa babu karaya, don akwai masu ƙwaƙule cikin su sayar maka da kwanko. Na Infiniti G35 na shekarun nan yana shiga, injinsu ɗaya ne, kuma ya fi sauƙin samu. Ranar gwaji ka yi tafiyar minti ashirin zuwa talatin kafin ka shiga layi, domin indomi ba ya fara aiki sai ya kai zafin wajen digiri 250 zuwa 300 a ma'aunin Celsius.

Maganar ƙarfi kuwa, injin nan doki 300 kamfani ya rubuta masa da indominsa a jiki. Abin da cirewar ke ƙarawa kaɗan ne, injin da ke shan man da ya wuce ƙima ma ƙarfinsa raguwa yake yi. Kuma ba Legas kaɗai ba ce, hukumar kare muhalli ta ƙasa, NESREA, tana da dokar hayaƙin ababen hawa tun 2011, a 2023 ta ƙaddamar da shirin gwajin na ƙasa baki ɗaya.

Baba Makanike:

Rewaya ya gama magana. Abu ɗaya na manta ɗana: 350Z ta 2006 mai giyar hannu, injin da ake kira Rev-Up gare ta, kuma an san shi da shan baƙin mai. Baƙin mai in yana ƙonewa a hankali yake rufe fuskar indomi. Ka riƙa zaro sandar awon baƙin mai kana dubawa duk kilomita 1,000, ka rubuta abin da ya ragu.

Ɗan Tarauni:

Baba, Malam Rewaya, Allah ya saka da alheri. Yau kwana goma sha biyu, na zo da rahoto. An mayar da ƙwaƙwalwa, harbin ya tsaya. Fulogi shidan duk baƙaƙe muka ciro, biyu har da jiƙewa. Yoyon ma an same shi a ɓangaren dama, gasket ɗin ya cinye. Na 350Z ban samu a Ƙofar Ruwa ba, na G35 aka aiko min daga kasuwar Ladipo ta Legas, na haska su da tocila kafin in sallami mai kaya. Jiya na bi titin Zariya har Kwanar Dawaki na dawo, na wuce garejin da zafinta: CO 0.3, HC ƙasa da 100, fitila a kashe. Salansar baya na bar ta, ƙarar tana nan da sauƙi-sauƙi. Tarin yarinya ya lafa, amma duk da haka gobe za mu kai ta a duba ƙirjinta.

Baba, na fara rubuta baƙin man. A kilomita 600 ya sauka kusan kwata na sanda. In jira ya kai 1,000 ɗin, ko in kawo maka ita ka gani kafin in kama hanya?