Ko ɗan haya zai iya shiga shugabancin ƙungiyar masu gidaje a Amurka?

Wannan ƙungiya ce ta masu gidaje a unguwa ɗaya, mai kula da abubuwan da suka haɗa su. Yawancin waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu kan wannan tambaya sun ce a fara duba takardun ƙungiyar, domin a nan aka rubuta wanda ya cancanci kujera. Wasu ƙungiyoyi sun keɓe ta ga mai gida kaɗai, wasu kuma ba su ce uffan ba, a nan ne ɗan haya kan samu ƙofa. Amma dokar jiha ta fi takardun ƙarfi. A Kalifoniya, tun daga 2020, wanda ba mamba ba ba zai tsaya takarar majalisar gudanarwa ba, mamba kuwa shi ne mai gida.

Masu adawa da shigar ɗan haya sun kafa hujja da kuɗi: majalisar ce ke yanka kuɗin wata-wata da na gyaran rufi ko hanya, mai gida ne ke biya, ɗan haya kuwa gobe zai iya tattara kayansa. Hujjar tana da nauyi. Sai dai ni ina ganin wanda ya shekara goma a unguwa ya fi mai gidan da ke wata jiha sanin inda ruwa ke kwanciya.

An fi samun daidaito kan ƙananan kwamitoci, irin na shuke-shuke da tarukan maƙwabta, inda majalisa kan naɗa ɗan haya ya ba da shawara, ƙuri'a kuma ta zauna a hannun masu gida.