Masu zama Birmingham, ana bin hanyar bakin kanal da keke kuwa?

Sabon_Zuwa

Salamu alaikum jama'a. Don Allah tambaya gare ni ga waɗanda suka daɗe a Ingila musamman 'yan Birmingham. Ina zaune a Selly Oak, na samu ɗan aiki a cikin gari, kuɗin bas na neman cinye ni shi ne na sayi keke na hannu. To titin Bristol Road ɗin nan gaskiya tsoro yake ban, ga su da tuƙi ta hagu har yanzu kaina bai gama ɗauka ba. Ina cikin jirgin ƙasa nake hango wata 'yar hanya a gefen kanal, wato hanyar ruwan nan da aka haƙa don jirage, mutane na wucewa da kekuna wasu a ƙafa, shin kowa na iya bi ko sai da takarda? Kuma in an tashi aiki da yamma akwai tsaro? Ban iya ruwa ba fa, a saka wannan a lissafi.

Malam_Brum

Wa alaikumus salam ƙanina, barka da zuwa. Ba takarda ba ko kwabo, ka hau kekenka kawai. Da can lokacin tsohuwar hukumar kanal British Waterways ne ake cewa a nemi izini, amma tun 2012 Canal & River Trust ke kula da su, kusan mil 2,000 na kanal da koguna a Ingila da Wales, kuma sun bar wa kowa. Wanda kake hangowa Worcester and Birmingham ne, ka bi shi ta wajen jami'a ka wuce Edgbaston zai sauke ka a Gas Street Basin, tsakiyar gari kenan, wajen mil 3 ne kuma a miƙe ba hawa ba gangara.

Abin da nake so ka riƙe, wannan hanya ba don keke aka yi ta ba. Don doki aka yi ta. An gama kanal ɗin a 1815, lokacin jiragen kanal ba inji, doki ɗaya ne ke tafe a gefe yana jan jirgin kaya da igiya, shi ya sa faɗinta faɗin doki da mai jansa ne kawai. In ka tsaya ƙarƙashin tsoffin gadojin nan ka duba kusurwa, wasu akwai ƙarfe da aka kafa, za ka ga igiya ta ci shi ta yi zurfi layi-layi sai ka sa yatsa a ciki. To a nan ƙarƙashin gadar ne hatsarin yake, hanyar ta matse, kai ba ka ganin mai zuwa shi ma ba ya ganinka, ga saman ya yi ƙasa kana sunkuyawa, ga ruwa a gefe ba shinge. Kafin ka shiga ka rage gudu sosai ka buga ƙararrawa, in ka ji wani ya buga ka jira shi ya fito. Dokarsu a nan mai ƙafa shi ke da hanya, kai ne za ka kauce.

Maman_Biyu

Malam ka faɗi gaskiya amma wlh masu keken ba sa ji. Ni da yara nake bi duk ƙarshen mako muna zuwa wajen Bournville, ɗaya a keken jarirai ɗaya riƙe da hannuna, sai kawai ka ji fuuu mutum ya gifta ta gefen yaro ko sallama babu, ko kuma ya zo daf da bayanka sannan ya danna ƙararrawa kai ka firgita yaro ya firgita ya yi ɓangaren ruwa. Ƙararrawar nan daga nesa ake bugawa, sanarwa ce ba wai ka matsa min ba. Kuma a tuna akwai kurame, akwai tsofaffi, akwai masu abin jin waƙa a kunne.

Ɗan uwa in dai sauri kake don kada ka makara aiki to ni shawarata kada ka bi nan. Gara ka fito da wuri ka tafi a hankali.

Kafar_Keke

Anti a yi mana adalci mana, ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Masu karnuka fa da igiyarsu mai tsawo ta tare hanya gaba ɗaya, mai kare na nan karen na can? Ga masu kamun kifi da doguwar sandarsu, ga igiyoyin jiragen da aka ɗaure. Kowa dai ya yi haƙuri da kowa.

Sabon_Zuwa ga abin da zai dame ka a zahiri, faci. Shingen da ke gefen hanyar yawanci itace mai ƙaya ne, in aka aske shi wajen kaka zuwa hunturu ƙayoyin zubewa suke a ƙasa, to ka yawo da tiyub na ko-ta-kwana da ƙaramin famfo a jaka. Ka sa madigadi ma in babu, don in aka yi ruwa taɓo har ƙeya, ga kashin manyan agwagin nan da suke kwanciya a tsakiyar hanya ba sa tashi, santsi gare shi sosai, haka tubalin ƙarƙashin gada in ya jiƙe kada ka ja birkin gaba da ƙarfi a kai. Lokacin da agwagin suke da 'ya'ya kuwa har hura wuya suke su biyo ka.

Sannan ba duk 'yar hanya ce ake hawa da keke ba a ƙasar nan. Wadda aka rubuta public footpath ta masu ƙafa ce, wadda aka rubuta bridleway kana iya hawa, doka ta ba da dama tun 1968 amma ka ba masu ƙafa da dawaki hanya. Gefen titi inda mutane ke tafiya kuwa ana iya cin ka tarar fam 50 sai in an sa alamar keke.

Malam_Brum

Na manta maganar dare da ka tambaya. Yanzu da rana ke daɗewa ba damuwa, amma in Disamba ta zo kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, kuma mafi yawan bakin kanal ba fitilu, mutane sun ragu, wuraren fita zuwa titi ma da nisa tsakaninsu. Tunda ka ce ba ka iya ruwa ba ni ba zan ce ka bi da duhu ba. Wasu za su ce maka ai ba zurfi, e yawanci bai shanye mutum a tsaye ba, amma ƙasan laka ce, bakin a tsaye yake ba abin kamawa, kuma sanyin ruwan kaɗai na iya ɗauke maka numfashi. Wanda ya faɗa ma ya fito ya je ya wanke jiki, in ya ji zazzaɓi bayan kwanaki ya gaya wa likita ya shiga ruwan kanal, akwai cutar da ake ɗauka daga fitsarin ɓeraye.

Bristol Road ɗin da kake tsoro kuwa ka ƙara dubawa da kyau, akwai hanyar keke mai shuɗin fenti da aka buɗe a 2019, an raba ta da motoci daga Selly Oak har cikin gari, ga fitilu. Da safe ka bi ruwa, da dare ka dawo ta shuɗiyar. Fitila fara a gaba ja a baya, wannan doka ce in duhu ya yi.

Sabon_Zuwa

Kai na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, Anti na ji kuma in sha Allah ba zan firgita miki yara ba. Keken ma ba ƙararrawa a jikinsa gobe zan saya. Malam in na yi ɗaya ɓangaren fa, wato na wuce Bournville ranar hutu, har ina hanyar take kaiwa?

Malam_Brum

Har Worcester, wajen mil 30 in an ƙirga daga Gas Street Basin, amma da ka wuce Kings Norton kaɗan kanal ɗin zai shige wani dogon rami ƙarƙashin tudu, Wast Hills, ya fi mil ɗaya da rabi kuma ba hanyar ƙafa a ciki, dole ka hau sama ka bi unguwa ka sake samo shi a gaba. Daga can ma hanyar ƙasa ce ba kwalta, ka bari sai an kwana biyu ba ruwan sama.