Wanda ya taɓa haɗa Orlando da jirgin Bahamas da yara, ya zo ya ba mu labari

Maman Ilham, Houston

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen waɗanda suka je da ƙafarsu, don na gaji da kallon bidiyon masu talla. Mu shida ne: ni da maigida, yara uku (shekara 11, shekara 5, sai auta mai biyu da rabi), da surukata Hajiya da za ta zo mana daga Zariya. Kwana tara muke da su a watan Agusta kafin a koma makaranta. Maigida ya ce a yi kwana huɗu a wuraren wasan Disney, a yi dare huɗu a jirgin ruwa daga tashar Port Canaveral ta Florida zuwa Bahamas. Wanne ake farawa da shi? Tsibiran da jiragen ke tsayawa, ana jin daɗinsu da tsohuwa da ƙaramin yaro? Abinci fa?

Baban Khalil, Atlanta

Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ku fara da wuraren wasa, ku ƙare da jirgi. Mun gwada duka biyun, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi.

Tafiyarmu ta farko jirgi muka fara shiga. Dare huɗu ana ci ana sha, ba mai dafawa ba mai wanke-wanke, jiki ya saba da hutu. Muna sauka washegari muka faɗa Magic Kingdom, ɗaya daga wuraren wasan Disney huɗu. Wallahi kafin azahar uwargida ta daina yi mini magana. Da dare na duba waya, ta ƙirga mini taku sama da dubu ashirin, rabinsu da yaro a wuya. Haka muka koma gida a gajiye, ranar Litinin na je aiki ina ɗingishi. Karo na biyu muka juya abin, aka sha wahalar tun da sauran ƙarfi, sannan aka je jirgi aka miƙe ƙafa.

Kuma kar ku ce sai kun taka duka huɗun. Magic Kingdom, Epcot, Hollywood Studios da Animal Kingdom, kowanne gari ne guda, kuma tsakaninsu sai da mota ko jirgin dogo ko kwale-kwale. Da tsohuwa da ɗan shekara biyu, biyu sun ishe ku, ku sa ranar hutu a tsakiya yara su yi iyo a otal. Wajen tikiti ki sani autanki kyauta zai shiga tunda bai kai uku ba, amma Ilham kuɗin babba za a biya mata, don daga shekara 10 an fita daga farashin yara.

Agusta a Florida zafi ne mai gumi, ba irin namu busasshe ba. Kusan kullum da rana hadari ke haɗuwa, a yi tsawa, a rufe lilon da ke fili. Mu da an buɗe ƙofa muke ciki, ƙarfe sha biyu mu gudu otal mu yi sallah mu kwanta, bayan la'asar mu dawo. Daga Orlando zuwa Port Canaveral kamar awa ɗaya ne a mota, ranar shiga jirgi ba wani tashin hankali.

Anti Rabi, Maryland

Baban Khalil ya yi gaskiya, sai dai ni da za a bi tawa, a rage kwanan wasan a ƙara na jirgi. Tsohuwa ba abin da za ta tsinta a layin minti saba'in.

Na je Castaway Cay da mahaifiyata, tsibirin da Disney ta karɓa haya daga gwamnatin Bahamas, jiragenta suke tsayawa tun 1998. Abin da ya fi yi mini shi ne jirgin har bakin gada yake zuwa ya ɗaure, da ƙafa ake sauka, sannan ga wata mota mai jan tarago tana kai mutane bakin ruwa. Inna da farko cewa ta yi ita ba inda za ta, a bar ta a ɗaki da carbinta. Da ƙyar jikokinta suka jawo ta. Muka samo mata kujera ƙarƙashin laima, ta zauna da hijabinta har ƙasa tana kallon mutane tana “ikon Allah”. Can na waiga, sai na ga ta tattare zani kaɗan ta tsoma ƙafa. Ruwan garau, kana ganin yatsunka da ƙananan kifaye suna giftawa. Ta ɗebo da hannu ta ɗanɗana, ta tofar, ta ce ashe da gaske ne gishirin. Shekara saba'in da wani abu, ranar ta fara taɓa teku. Ƙarshe ita muka yi ta roƙo a koma jirgi.

Abincin rana a tsibirin yana cikin kuɗin da kuka biya, amma gashi ne irin nasu, akwai naman alade a ciki, sai an buɗe ido ana tambaya. Mu kifi da 'ya'yan itace da masara muka ci. A cikin jirgi kuwa, ki rubuta musu buƙatarku ta abinci tun makonni kafin tafiya, kar ki bari sai kin zauna a tebur. Kayan iyo kuma na sa mai rufe jiki gaba ɗaya da hularsa, ba wanda ya ko kalle ni sau biyu.

Malam Sani, Dallas

Anti Rabi, Allah ya ba ku sa'a ne. Bari in ba da nawa don a ji ɗaya gefen.

Wata shida ina nuna wa yarana hoton wani tsibiri, har babban ya haddace taswirarsa. Ranar da za mu isa na tashi asuba na fita saman jirgi, ga tsibirin can ina hango bishiyoyinsa, amma iska kamar za ta cire mini hula. Jirgi ya matso, ya ja baya, ya sake matsowa. Wajen ƙarfe tara kyaftin ya yi magana ta lasifika, ya ce iska ta yi ƙarfi, ba zai iya ɗaurewa lafiya ba, yau a teku za a wuni. Ƙaramar tawa tana sanye da rigar iyo, da bokitinta na wasan yashi a hannu, ta zauna a ƙasan lif tana kuka. Ban ga laifin mutumin ba, rai ya fi yawo. Laifina ne da na ɗora tafiyar duka a kan rana ɗaya. Kuma yana nan a rubuce cikin sharuɗɗan tikiti cewa suna iya canza hanya saboda yanayi, ni ne ban karanta ba.

Maman Ilham, lokacin guguwar Atlantika daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, kuma daga tsakiyar Agusta ne take fara zafi. Shi ya sa kike ganin farashi na sauka ta wajen ƙarshen watan. Ba na ce kar ku je ba, jirage na kauce mata. Amma ku sayi inshorar tafiya, kuma ki ce wa yara “wataƙila mu sauka a tsibiri”, kar ki rantse musu. Ki kuma bincika ko tsibirin naku na da gada. Inda babu, a nesa jirgi ke tsayawa ana jigilar mutane da ƙananan jirage, waɗannan su aka fi fasawa in ruwa ya motsa, ga wahalar hawa da sauka da tsohuwa.

Ummu Hanan, Orlando

Ni a nan nake zaune, duk wanda ya zo daga gida ni ce 'yar rakiya. Tsibirin CocoCay na kamfanin jiragen ruwa na Royal Caribbean ma yana da gada tun gyaran da aka yi masa a 2019. Bakin teku da babban wurin iyon da abinci kyauta ne, amma ɓangaren sulun ruwa, inda dogon nan mai ƙafa 135 yake, kuɗinsa daban kuma ba kaɗan ba. Da ɗan shekara biyar da na biyu, asarar kuɗi ce.

Ki auna tsawon na tsakiyan kafin ku taso. A Disney da tsawo ake shiga lilo, ba ruwansu da shekara: Space Mountain inci 44, Seven Dwarfs Mine Train inci 38, kuma ba a roƙo, sanda ce a bakin ƙofa. Akwai tsarin da suke kira Rider Switch, ɗaya ya tsaya da ƙarami ɗaya ya hau, sannan ku yi musanya ba tare da sake bin dogon layi ba. Ana barin shiga da abincin gida in ba a kwalba yake ba. Ni da dafa-dukata nake zuwa a kula. Ki karɓar wa Hajiya hayar keken turawa ko da ta ce lafiyarta lau, kunya ce, zuwa azahar za ta hau da kanta. Auta kuma in har yana sa famfas ba za a bar shi cikin wurin iyon jirgi ba, sai wajen fantsamar ruwa na jarirai in jirgin na da shi. In da mai juna biyu a cikinku, daga mako 24 ba sa ɗauka.

Ɗan Zongo, Bronx

Nawa gajere ne. A Nassau, babban birnin Bahamas, muka ce mu 'yan gari ne, ba ma buƙatar yawon da jirgi ke shiryawa. Muka hau matakalar nan ta Queen's Staircase da bayi suka sassaƙa cikin dutse, muka shiga Straw Market madam na ciniki kamar tana kasuwar Nima ta Accra. Dalar Amurka suke karɓa, ɗaya da ɗaya take da tasu. Daga nan na ce a leƙa Paradise Island. A dawowa cunkoso ya riƙe mu a kan gada, ina kallon agogo ina kallon jirginmu. Da gudu muka isa, ni da yaro a kafaɗa, madam da takalmi a hannu, mutane a saman jirgi suna tafa mana. Saura minti shida. Wanda ya fita yawon kansa ya makara, ba a jiransa. Tun daga ranar awa biyu kafin lokaci nake dawowa.

Hajiya Turai, Chicago

Ku kuna ta manyan magana, ni ƙananan ne suka ba ni kunya. Na ɗinka wa Alhaji shadda sabuwa fil don daren da ake cin ado, na cusa dutsen guga cikin akwati. Akwatin kowa ya iso ɗaki ban da namu. Ashe an riƙe shi a ƙasa, ba a shiga jirgi da dutsen guga saboda gobara. Na je na tsaya cikin masu laifi, kusa da wani da aka kama da kwalaben giya, aka karɓe aka ba ni 'yar takarda in karɓa ranar sauka. Shaddar nan sai wajen masu wankin jirgi na kai na biya.

Ki tafi da buta, ko ta roba mai naɗewa, babu ita a bayinsu. Ki tafi da yaji, kwana biyu bakinki zai fara neman gida. Alƙibla daga wannan yankin arewa maso gabas take, amma jirgi juyawa yake, ita kuma wayar rikicewa take cikin ƙarfe. Talabijin ɗin ɗaki na nuna taswira da inda jirgin ya sa gaba, da ita Alhaji ke kwatantawa. Ki sa waya a yanayin jirgin sama da zarar kun bar tasha, kuɗin kira a teku ba na wasa ba ne. Sannan akwai tukuicin ma'aikata da ake lissafa wa kowane kai kowane dare, ku shida dare huɗu ki sa shi cikin lissafi tun yanzu.

Abu Yasmin, Minneapolis

Duk an faɗi na daɗi, amma ban ga wanda ya tambayi takardun Hajiya ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Zuwa Bahamas fita ne daga Amurka, dawowa Port Canaveral kuma sabuwar shiga ce, ko da mutum bai sauka daga jirgin ba. A Yulin 2025 yawancin bizar ziyara da ake ba 'yan Najeriya ta koma ta shiga sau ɗaya, wata uku. Mai irin wannan ya riga ya cinye shigarsa ranar da ya sauka a filin jirgin sama. Ƙanin matata saura kaɗan ya biya wa mahaifinsu ɗaki, Allah ya sa muka buɗe fasfon tukuna. Ki duba wajen da aka rubuta adadin shiga: in harafin M ne, sau da yawa ke nan. Ki kuma sa kamfanin ya amsa miki a rubuce kan abin da mai fasfon Najeriya ke buƙata na Bahamas. Ku masu katin zama ku riƙe shi da fasfo. Yaran da aka haifa a nan takardar haihuwa na isar musu in jirgi zai dawo tashar da ya tashi, amma ni fasfo nake ɗaukar wa nawa, don in rashin lafiya ta sa dole a dawo ta sama daga Nassau, shi za a nema.

Maman Ilham, Houston

Innalillahi, Abu Yasmin, Allah ya saka da alheri, wallahi ko a mafarki ban kawo wannan ba. Cikin dare na sa ƙanin maigida ya ɗauko hoton fasfon ya turo. M ce, tun 2024 aka ba ta, alhamdulillahi. Na aika wa kamfanin tambayar Bahamas, ba za mu biya ko sisi ba sai sun amsa.

Mun tsaya a kan wuraren wasa biyu da ranar hutu a tsakiya, sannan jirgi. Anti Rabi, na karanta wa Hajiya labarin Inna a waya, ta yi dariya ta ce ita dai ba kifi ba ce, amma a saya mata silifas na roba. Ummu Hanan, na jingina Sadiq da ƙofar kicin na auna, inci 43 da rabi. Tun jiya kofi uku na madara ya sha, yanzu ma ga shi nan ya kawo mini tef ɗin wai in sake gwadawa.