Tafiyar ƙafa tana zubar da ƙaramin ciki?

Amarya: Salamu alaikum. Don Allah ku raba mana gardama. Cikina wata uku, kullum nakan yi tafiyar ƙafa ta kamar rabin awa. Yayata ta ce in daina, wai ƙaramin ciki bai gama kamawa ba, in kwanta har ya yi ƙwari. Gaskiya ne?

Maman 'Yan Biyu: Ki ji maganar yayarki. Ni a kaina na gani. Na wuni ina zirga-zirga, dare na yi jini ya ɓalle, cikin wata biyu ya tafi. Tun daga nan in na samu ciki ba na dogon motsi.

Ungozoma: Allah ya mayar miki da alheri, amma kada ki ɗora wa zirga-zirgar nan laifi. Kusan rabin ɓarin da ake yi a watanni ukun farko, matsalar tana cikin ƙwayoyin halittar ɗan tayin tun ranar da cikin ya shiga. Irin wannan ko a gado mace ta wuni ta kwana, zai fita. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 cewa ta yi mai ciki mai lafiya ta samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako. Rabin awa sau biyar ke nan, abin da Amarya take yi. Ba ya ƙara haɗarin ɓari, yana ma rage na ciwon suga da hawan jinin masu ciki.

Maman 'Yan Biyu: To Anti, in haka ne me ya sa likita ya hana ni motsi a cikin 'yan biyu? Shi bai san hukumar ba ne?

Ungozoma: Ya sani sarai. Ke taki daban ce. Akwai waɗanda ake taka wa birki: wadda aka yi wa ɗaurin bakin mahaifa, wadda mabiyiya ta tare mata hanya bayan mako 26, mai zubar jini, mai hawan jinin ciki, mai ƙarancin jini sosai, mai ciwon zuciya, da mai tagwaye da ake tsoron ta haifi bakwaini. Inda matsala take shi ne a ɗauki dokar da aka kafa wa mace ɗaya a rarraba wa kowa. Kuma doguwar kwanciya ba lafiya lau ba ce. Jinin mai ciki yana saurin daskarewa, zama wuri ɗaya na iya sa gudan jini ya toshe jijiyar ƙafa, wani lokaci ya tafi huhu.

'Yar Autan Gida: Ni fa tsoron nan ya yi yawa. Serena Williams da ciki ta ci gasar tanis ta Ostireliya a 2017.

Yaya Babba: Kai Auta! Matar da ta shekara ashirin tana horo, da likitoci kewaye da ita, ita za ki kawo mana misali? Ni ra'ayina ma, mai shara da wanki da bin yara ba ta buƙatar wani motsa jiki na daban.

Ungozoma: Aikin gida yana shiga lissafi in har yana ɗan ɗaga numfashi. Amma tsayuwa a wuri ɗaya ana wanke-wanke gajiya ce kawai da ciwon baya. Maganar Serena kuma na bi Yaya: wadda ta saba gudu tana iya ci gaba da shawarar likita, wadda ba ta saba ba ta fara da minti goma ko sha biyar ta riƙa ƙarawa.

Amarya: Ta yaya zan gane na wuce gona da iri? Na ji an ce kada bugun zuciya ya haura 140 a minti ɗaya.

Ungozoma: Tsohuwar ƙa'ida ce ta likitocin mata na Amurka ta 1985, sun janye ta tun 1994. Ki gwada da baki: in kina tafiya kina iya yin magana ba haki ya katse ki ba, kin yi daidai. Ki sha ruwa, ki guji tsananin zafi, da duk abin da za ki iya faɗuwa ko a bugar miki ciki. Bayan wata uku ki bar motsa jiki a rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri. Gaɓoɓinki ma sun saki, kada ki matsa wa kanki da miƙa.

Maman 'Yan Biyu: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. Ta bari sai ta je awo an duba ta. Kuma Anti, ki faɗa mata lokacin tsayawa, kada ta ce an ce ta daure.

Ungozoma: Wannan kam kin yi gaskiya, ta tambaya a wurin awo. Jini ko ruwa daga gaba, jiri, ciwon ƙirji, ciwon kai mai tsanani, mara tana murɗawa a kai a kai, ko sha-raɓa ɗaya ya kumbura yana zafi, ki tsaya nan take ki tafi asibiti. In ciki ya tsufa kika ji motsin yaro ya ragu, shi ma kada ki jira gari ya waye.